Mazubin da Auta Ya Ƙera

Tun kafin damina ta ja baya aladun daji suka gano gonar rogon Maharbi, kuma tun da suka gano ta ba su sake barinta ta huta ba. Kullum ya je da safe sai ya tarar da kunyoyi a tone, rogon an tattauna an watsar, kamar da gayya. Bindigarsa ta toka tana nan lafiya lau a bayan ƙofa. Harsashi ne babu, domin mazubin da ya yi shekara da shekaru yana zuba dalma a ciki ya tsage, ya rabe a hannunsa. Ɗan abin da ya rage masa a jaka bai taka kara ya karya ba.

Ƙaninsa maƙeri ne, autan ɗakinsu, kuma har furfura ta fito masa kowa Auta yake ce masa. Yana da shago a layin makanikai, da injin feƙe ƙarfe wanda direbobi ke bin layi a kansa. Maharbi ya kai masa fasasshen mazubin, ya kai masa harsashi guda na gwaji, har bindigar ya bari ta kwana a shagon don a auna bakinta. Auta ya ce gobe. Gobe ta koma jibi, jibi ta koma sati mai zuwa. Sai da Maharbi ya je ya tsaya masa a ka, sannan wata safiya abin ya iso gida a naɗe cikin tsumma mai maiƙo.

A bayan gida, inda iska ke ratsawa, akwai rumfar kwano da ya kafa don wannan aikin. Nan ya hura gawayi, ya ɗora tsohuwar tukunyar ƙarfe, ya zuba guntayen dalmar da ya tara. Da ta narke ya kwashe dattin da ya taso da ludayin ƙarfe, har fuskarta ta yi sheƙi kamar madubi. Sannan ya warware tsumman. Mazubin ya yi kyau a ido: ɓari biyu na ƙarfe masu haɗuwa baki da baki, rami a tsakiya, ƙota ta katako, da ɗan murfi mai huda a sama inda dalma ke shiga.

"To, Auta, ko ba komai ka iya kwalliya," ya ce shi kaɗai.

Ya zuba, ya jira ta daskare, ya doki murfin da sanda ya yanke wutsiyar dalmar da ta rage a hudar, ya buɗe. Abin da ya faɗo kan tsumma ba za a kira shi harsashi ba. Wani yamutsattsen abu ne, rabi cike rabi fanko, kamar busasshen tumatir. Ya yi tsaki ya mayar da shi tukunya. Na biyu ma haka. Na uku ya fi su muni.

Ya san sabon ƙarfe da sanyi, don haka ya kwantar da mazubin a gefen garwashi har ya ɗauki zafi sosai. Yanzu ramin ya fara cika, amma jikin harsashin duk tamoji ne da ƙananan ramuka, kamar wanda agana ta ci. Ya kai mazubin kusa da hanci. Warin baƙin mai ya doke shi.

"Ji wawan yaro! An ce masa mazubi, ya aiko mini da gwangwanin mai!"

Matarsa ta leƙo daga ƙofar kicin. Inna 'ya'yansu ke ce mata, har shi ma bakinsa ya saba.

"Malam, da wa kake faɗa?"

"Da ƙanin mijinki. Miƙo mini sabulu da tsohon burushi."

"Ka bar abin nan ka zo ka karya mana. Tun asuba ba ka sa komai a cikinka ba, ga hayaƙin nan mai sa ciwon kai."

"Na ce sabulu, kin ce abinci. Ko kunnen ne ya fara tafiya?"

Ta kawo ta ajiye. Maimakon ta koma kicin, sai ta tsaya jikin ginshiƙin rumfar tana kallonsa, hannu a naɗe. Wannan tsayuwar ma ta ɓata masa rai, amma bai da lokacinta.

Ya jira mazubin ya huce, ya wanke shi da fetur nesa da wuta, ya bi shi da sabulu da ruwan zafi, ya goge kowane lungu. Ya gasa shi har ya tabbata ko raɓa babu, domin ya san abin da ɗigon ruwa ke yi in ya haɗu da narkakkiyar dalma. Kafin ya gama rana ta ɗago, kwanon rumfar ya fara zafi a kansa, gumi na bin gemunsa yana ɗiga.

Tamojin ya tafi, sai wata matsalar ta fito. Kowane harsashi yana fitowa da siririn fiffike kewaye da cikinsa, alamar ɓarin biyu ba sa haɗuwa daidai, dalma na tsiyaya ta tsakani. Ya ɗaga mazubin ya haska da rana, ya matso da shi, ya nisanta shi, bai ga komai ba. Sai da ya huce ya bi fuskar ƙarfen da babban yatsa, sannan ya ji wani ɗan tsini a bakin ramin, ƙurar feƙi da Auta bai share ba.

"Wannan shi ne maƙerin da ake bin layi a kansa," ya ce, yana goga magagari a hankali. "Injin mota yana gyarawa, ɗan ramin harsashi ya gagare shi. Da hannun hagu ya yi mini aikin, don ni ba direba ba ne."

"Wataƙila ƙarfen ne ba shi da kyau," in ji Inna. "Ka haƙura da shi mana. A sa ƙaya a kewaye gonar."

"Ƙaya? Alade za ki tare da ƙaya? Ke kin taɓa ganin alade, in ba a hoto ba?"

Ya koma zubi. Fiffiken ya ɓace, amma yanzu harsashin ya maƙale a ramin, ya ƙi faɗowa. Ya ƙwanƙwasa maɗaurin da ya haɗa ɓarin biyu da sanda, shiru. Ya ƙara, shiru. Zuciya ta ɗebe shi ya maka mazubin a bakin tukunya, dalma ta fallatso ta sauka a bayan hannunsa na hagu. Ya yarfe hannun yana salati, fatar wurin ta yi fari nan take ta tashi.

Inna ta rugo da ruwa a kofi. Ya daka mata tsawa ta tsaya can, kada ta kawo ruwa kusa da tukunya. Shi ya fita ya tsoma hannun a bokiti. Da ta zo ɗaure masa da ƙyalle sai ya ga idonta ya cika.

"Don Allah, Malam, ya isa haka."

"Ko zan ƙone ƙurmus sai na ga ƙarshen ƙarfen nan."

Ya kunna kyandir, ya riƙe ramin a kan harshen wutar har hayaƙi ya yi masa baƙin lulluɓi, ya sake gasa shi, ya zuba. Da ya buɗe, harsashin ya faɗo da kansa, ya gangara kan tsumma. Mulmulalle ne sumul, yana ƙyalli, ba tamoji ba fiffike. Na bayansa ma haka. Ya yi ta zubawa har suka taru kamar ƙwan zabi, ya manta da ƙuna, ya manta da yunwa.

"Inna! Zo ki gani. Ki gaya wa ƙanin mijinki na gyara masa aikinsa."

Ba ta zo ba. Ya shiga ɗaki ya ɗauko bindigar, ya zaɓi harsashi guda da ya huce, ya ɗora a bakinta. Harsashin ya zauna a sama kamar ƙwai a bakin kwalba. Ya danna da yatsa, bai motsa ba. Ya canza wani, haka. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya shiga. Ya zaro tsoho daga jaka, wannan ya zura ba gardama. Ya riƙe tsohon a hannu ɗaya, sabon a ɗaya hannun. Sabon ya fi girma, ba da yawa ba, amma daidai yadda ba zai taɓa shiga ba.

Ya daɗe a tsugune. Mai a rami sakaci ne, tsini a baki gaggawa ce, waɗannan duk maƙeri na iya yi. Amma Auta ba ya kuskuren awo. Mutumin da ke feƙe ƙarfe ya shiga cikin injin mota ba tare da tazarar gashi ba, wanda aka bar wa harsashi da bindiga suka kwana a gabansa, ba zai faɗaɗa rami bisa kuskure ba.

Ya tsoma mazubin a yashi ya huce, ya naɗe shi a tsumman, ya cika aljihu da sababbin harsasan, ya fita ko hula bai sa ba.

Layin makanikai a cike yake da ƙarar guduma da tartsatsin walda. Masu gaishe shi suna ɗaga hannu, bai ga kowa ba. Auta na sunkuye a kan injinsa, siraran ƙarfe na murɗewa suna zuba a ƙafarsa. Da ya ga yayansa ya kashe injin, ya dubi ƙyallen da ke hannunsa, ya dubi fuskarsa.

"Yaya, sannu da zuwa. Me ya sami hannun?"

Maharbi ya juye aljihunsa a kan teburin aiki. Harsasan suka watse, wasu suka gangara ƙasa.

"Ɗauko ma'auninka."

"Yaya, ka zauna tukuna."

"Na ce ɗauko ma'auninka ka auna mini wannan, a gabana!"

Auta ya goge hannu da tsumma, ya goge, ya ƙara gogewa. Mai waldan da ke maƙwabtaka da shi ya kashe wutarsa ya ɗaga gilashin fuska.

"Ba sai na auna ba," in ji Auta. "Na san girmansa. Ni na yi shi haka."

"Maimaita."

"Da gangan na yi, Yaya. Na ɗauka daga zubin farko za ka gaji ka jefar da shi. Ban san za ka wuni a kansa ba."

Maharbi ya ji kamar an watsa masa garwashi a ƙirji. "Ni? Ni za ka mayar abin wasa? Ni da na goye ka a bayana, na share maka majina, na kawo ka layin nan na roƙa aka koya maka sana'a? Da sana'ar za ka yi mini dariya?"

"Ba dariya ba ce. Idonka ya tafi, Yaya, kowa ya sani sai kai."

"Idona ras yake!"

"Ras yake ka harbe maraƙin makiyayi bara, ka ce alade ne?"

"Hazo ne ranar."

"Wane hazo? Rana ko faɗuwa ba ta yi ba. Matar mutumin tana tsaye a bayan maraƙin da igiya a hannu. Da ka ɗaga hancin bindigar nan kaɗan, yau ina kake? Ni na je na durƙusa a gabansu. Ni na ga matar tana karkarwa, ta kasa magana." Muryar Auta ma ta tashi. "Kana so in ƙera maka abin da za ka kashe mutum da shi, in ya faru a ce wa ya yi masa mazubin?"

"To me ya hana ka faɗa mini a fuskata? Ka ce Yaya, ba zan yi ba. Namiji ke nan. Sai ka karɓa da hannu biyu, ka ce gobe, ka ce jibi, ka naɗe mini ƙarya a tsumma ka aiko mini har gida?"

"An faɗa maka! Ɗanka na fari ya faɗa maka, ka kusa marinsa a gaban matarsa. Na ce mu je asibitin ido, ka ce in kai kaina. In na ce ba zan yi ba, shago na gaba za ka shiga."

"Kuma yanzu ma shi zan shiga."

Mai walda ya sauke gilashinsa a hankali ya juya baya. Maharbi ya gane har da mai waldan an yi maganar. Wato layin nan kaf sun san an yi wa tsoho dabara, suna jiran ganin yadda za ta kaya. Ya ɗaga mazubin ya wurga shi da iya ƙarfinsa. Ya bugi durom ɗin ruwa da ke lungu, ƙarar ta sa guduma ta tsaya a shago uku.

"Dabarar wa ce? Kanka bai kai nan ba."

Auta ya sunkuyar da kai, Maharbi kuwa ya riga ya gane ko ta wace ce.

"Daga yau," in ji Maharbi, "kada ƙafarka ta taka ƙofar gidana. In na mutu ma kada ka ɗauki makarata."

Inna na zaune a tsakar gida da tire a cinya tana tsintar wake, amma hannunta ba ya motsi. Ta riga ta kashe masa gawayin, ta rufe tukunyar, ta mayar da bindigar da jakar ɗaki. Ya tsaya a kanta.

"Ke ce."

"Ni ce," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ni na je na roƙe shi. Ya ƙi, na yi masa kuka."

"Kina tsaye jikin ginshiƙi tun safe. Kina kallona ina wanki, ina guga, ina ƙona hannuna. Kin san ko zan shekara a wurin ba zai shiga ba, kika miƙo mini sabulu!"

"Na ce ka bari. Sau nawa na ce ka bari?"

"Kin ce in zo in ci abinci! Haka ake wa yaro in ana so a ɗauke masa hankali daga wuƙa."

Ta ajiye tiren da ƙarfi har wake ya zube. Ta miƙe, kuma tunda ya aure ta bai taɓa ganin ta dube shi haka ba.

"To yaya ake wa babba in ya ƙi ji? Gaya mini! Kullum ka saɓa bindigar nan cikina sai ya ɗuri ruwa har ka dawo. In na ji an buga ƙofa sai in ce shi ke nan, an zo gaya mini. Shekaranjiya ka wuce jikarka a bakin titi tana gaishe ka, ka ce 'yar wace ce wannan. Hannunka ya ƙone, na ji zafinsa har raina, amma wallahi gara hannun da ɗan wani."

"Rogon fa? In aladu suka cinye, ƙaryar taku za mu dafa?"

"Rogo dai ake sake shukawa."

Ya shiga ɗaki ya ɗauki bindigar da jakar tsofaffin harsasan. Ta tsaya a bakin ƙofa, ya ratsa ta gefenta ya wuce.

La'asar ta yi sanyi lokacin da ya isa gonar. Ya ɗura bindigar, ya zauna a gindin bishiyar da ya saba, iska na kaɗowa daga rogon zuwa gare shi. Hannun na zugi. Yana zaune yana maimaita maganganun da ya kamata ya faɗa wa Auta bai faɗa ba, kowace ta fi ta baya zafi.

Rana na gab da faɗuwa ya ji ganye na motsi a ƙarshen gonar. Wani baƙin abu ya fito tsakanin kunyoyi, ya tsaya, ya sunkuya. Maharbi ya ɗaga bindigar ya kwantar da kunci. Abin yana nan a saitin hancinta, dunƙule guda mai duhu, gefensa ya narke cikin ganye. Ya runtse ido ya buɗe. Alade ne yana tono. Ko kuwa mutum ne a duƙe yana yankar ciyawa. Ya ce wa kansa alade ne, ya san tsayuwar alade tun Auta na rarrafe. Yatsansa na kan kunamar bindigar, ya ƙi matsawa.

"Kai! Wane ne nan?" ya daka tsawa.

Abin ya yi gurnani, ya kwasa a guje, ƙasa na tashi a bayansa. Wasu biyu suka bi shi. Ƙaton alade ne, a tazarar da a da ko da ido ɗaya ba zai kuskure ba.

Ya miƙe ya zazzagi aladen, ya zagi Auta, ya zagi layin makanikai daga farkonsa har ƙarshe. Sannan ya ɗaga bindigar sama ya saki harbin a iska, tsuntsaye suka tashi daga bishiya. Ya tsaya cikin hayaƙin yana huci. Alade ne, shi ke da gaskiya, amma sai da abin ya yi gurnani ya sani. Wannan bai gaya wa kowa ba.

Rabin rogon aladu suka ci a shekarar. Sauran ya tsira ne da ramin da shi da 'ya'yansa suka haƙa a gefen daji, kuma duk tsawon haƙan bai yi wa kowa fara'a ba. Inna ta yi makonni tana ajiye masa abinci yana ci ba tare da ya ce mata sannu ba. Bayan an cire rogon, wata safiya ya sa babbar riga ya ce wa 'yarsa ta raka shi unguwa. Sai a mota ta ji unguwar asibitin ido ce. Likita ya ce yanar ido ce ta rufe duka biyun, aka sa rana aka cire ta idon dama.

Yana kwance a ɗaki da bandeji a fuska Auta ya yi sallama. Inna ta shimfiɗa masa tabarma ta fita da sauri.

"Yaya, ya jiki?"

Maharbi ya juya fuska bango.

"Na ce ya jiki, Yaya. Allah ya ƙara sauƙi." Auta ya gyara zama. "In likita ya ce idon ya koma daidai, zan yi maka wani. Na gaskiya."

"Wa ya ce maka ina nema?" Maharbi ya faɗa wa bangon. "Ko ƙusa zan saya, ba a hannunka ba. Mutumin da ya iya kallon idona ya ce mini gobe."

"Na ji. Na yi laifi a nan."

"A nan kawai?"

"A nan kawai, Yaya."

Maharbi ya ja tsaki mai tsawo har bandejin ya motsa. Bai miƙa masa hannu ba, bai kuma ce ya tashi ya fita ba. Auta ya zauna a tabarmar har aka kira azahar, sannan ya sa takalminsa ya ce zai dawo jibi.